Haruffa Biyu a Bayan Kwabo

Kwanakin nan sai in shiga ɗakin girki in tsaya ina tambayar kaina me ya kawo ni. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da tarihin Rumawa a kwalejin garinmu, na haddace sarakunansu a jere har da waɗanda suka yi mulkin wata uku aka kashe su, amma makon jiya sunan likitana ya ɓace mini ina zaune a gabansa. Labarin Vernon Haugland da kwabonsa kuwa yana nan daram. Ko na so in manta, mutanen Kettle Ford ba za su bari ba.

Ƙungiyarmu ta masu tara tsabar kuɗi takan zauna ran Talatar farko ta kowane wata, a ɗakin ƙasa na coci, inda ake jibge kujerun ƙarfe da tukunyar kofi. Mu goma sha huɗu ne, ko sha biyar, ƙaraminmu ma yana da jikoki. Ni ne magatakarda, don rubutuna ya fi na saura karantuwa. Shugabarmu Maxine Dombrowski ce, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya, 'yar ƙaramar mace mai gilashin ƙara girma rataye a wuya. Shekara goma sha tara tana kan kujerar, ba wanda ya taɓa tunanin ture ta.

Sai Vernon. Dillalin tsofaffin motoci ne da ya yi ritaya, ƙato, mai gashin baki da murya kamar lasifikar filin ƙwallo. Da kaka ya shigo ƙungiyar, kafin dusar ƙanƙara ta fara sauka har ya soma koya mana abin da muka yi shekara talatin muna yi.

Ranar da abin ya faro, cikin Fabrairu, Maxine ce ke yi mana karatu a kan kwabo, wato ɗan jan ƙarfen nan na santi ɗaya da mutane ba sa ko sunkuyawa su ɗauka in ya faɗi. Ta zana bayansa a allo, ta rubuta AMERICA da manyan baƙaƙe, ta ɗora alli tsakanin A da M.

"Nan za ku duba," in ji ta. "Ƙafar A da ƙafar M. Ku kuma kasa kunne, don abin juyewa yake yi. Daga 1993 zuwa sama, ƙafafun a manne suke, kamar za su taɓa juna. Saboda haka in kun sami na 1999 mai tazara a tsakani, kun yi tsintuwa."

Daidai nan matar fasto ta sauko da tiren donat, soyayyen fanken nan mai sukari. Vernon ya miƙe ya bi tiren zuwa bayan ɗaki, kamar an sa masa igiya.

"Amma na 1992 akasin haka ne," Maxine ta ci gaba. "Kwabon wannan shekara da tazara aka buga shi, miliyan bisa miliyan. 'Yan ƙalilan ne aka buga bisa kuskure da hatimin shekarar gaba, su ne ƙafafunsu a manne. Su ake nema."

Vernon ya dawo, gashin baki duk sukari, ya tarar Maxine tana rufe magana da cewa, "Wannan na 1992 shi ne sarkinsu duka. Lafiyayye guda ɗaya yakan kai dala dubbai."

To kun ga yadda aka yi. Kunnensa ya ɗauki "tazara" kafin donat, ya ɗauki "1992" bayan donat, ya haɗa su wuri guda. Abin da ke tsakiya ya bi sukari.

"Wannan ne kuka ƙare rayuwarku kuna nema?" ya tambaya yana karkaɗe riga.

"Ni dai ban taɓa riƙe shi a hannuna ba," in ji Maxine.

"Ai ba da zama ake nema ba, Madam Shugaba. Ido ake sawa. Ni nan da kike gani, daga tsallaken titi nake gane motar da aka yi wa sabon fenti."

"Idon da bai ga akwatin wasiƙata ba har ka take shi da mota sau biyu?" in ji Floyd Tessmer, maƙwabcinsa, tsohon mai kiwon shanun madara, wanda ba ya magana sai in zai soki wani.

"Akwatinka ne ya shigo hanya. Ku saurara duka. Kafin bajekolin gunduma na watan Agusta zan kawo muku wannan kwabo. In na kawo, Madam Shugaba ta huta, ta ba mai ido kujera."

"In ba ka kawo ba fa?" Maxine ta tambaya.

"Babu wannan."

"A rubuta dai, don cika takarda," in ji Maxine. "In ba ka kawo ba, kai ne mai dafa kofi da wanke kofuna shekara guda. Da rigar girkin nan ta ɗaurawa a gaba, mai furanni." Ta nuna ta a jikin ƙusa. Ita ce wadda Vernon ya taɓa cewa ko gawarsa ba za a sa wa ba. Sannan ta ƙara, domin mace ce mai adalci, "Amma ka dai ji wane iri ake nema, ko? Na 1992 shi ne..."

"Na ji. Ni ba a maimaita mini magana. Rubuta, Farfesa."

Na rubuta: Vernon Haugland zai ɗora kwabon 1992 na musamman, sahihi, lafiyayye, a kan teburin shugaba ran Asabar ɗin bajekoli. Duka biyun suka sa hannu. Nasa sa hannun ya cinye rabin shafi.

Washegari ya tafi banki. Masu wannan sana'a sukan karɓo akwati ɗaya na kwabbai, ko biyu, su zauna su duba a hankali, su mayar. Vernon ya nemi akwati arba'in. Sai da aka yi mako biyu kafin a tara masa, kwabo dubu ɗari cif. Ya ƙi yarda a yi sawu biyu, ya loda su duka a bayan tsohuwar motarsa. Na gan shi da idona yana hawowa titinmu, bayan motar yana jan ƙasa yana tartsatsi, hancinta yana kallon sama kamar tana addu'a.

Floyd na tsaye a barandarsa da kofin kofi.

"Sannu da zuwa, attajiri. Jirgi ne zai tashi?"

"Yi dariyarka, Floyd. Watan Agusta za ka kira ni Shugaba."

"In taya ka saukewa?"

"Ka taɓa mini dukiya? Tsaya inda kake."

Gidan Vernon a kan tudu yake, hanyar shiga garejinsa kuma ranar ta daskare ta zama kamar madubi. Ya ɗauko baro. Da ya ga akwatuna ba sa zama daidai, sai ya farke guda shida ya juye naɗe-naɗen kwabban a ciki, wai don kada a ɓata wuri. Ya tura taku biyar zuwa sama. Baro ya tura shi taku goma zuwa ƙasa. Suka rabu a bakin titi, shi ya zauna daɓas a kan ƙanƙara, baro ya kife, takardun naɗin suka fashe, kwabbai suka bazu har ƙofar gidana, ni da ke gida na huɗu.

Yana tsugune yana tsince su da safar hannu sai ga motar share dusar ƙanƙara. Direban ya ɗaga masa hannu cikin fara'a, ya kwashe komai ya jera a gefen titi, tun daga gidan Vernon har kwanar coci.

"Kada ka damu," in ji Floyd. "Ajiya ce. Afrilu za su fito."

Sun kuwa fito. Da ƙanƙara ta narke, ciyawar kowane gida a layinmu sai ƙyalli take. Vernon ya bi gida gida yana sanar da mu cewa duk kwabon da aka gani nasa ne, kuma ya san su da fuska. Ranar da Floyd ya fara yanke ciyawarsa, injin ya ɗauki guda ya harba, ya fasa tagar ɗakin cin abincin Vernon, ya faɗa cikin kwanon miya.

Floyd ya leƙo ta ramin. "Na dawo maka da ɗaya. Duba shekarar."

Teburin cin abincin nan, da ma, tun Fabrairu ya daina zama na abinci. Teburin kakar Arlene ne, matar Vernon, mace mai haƙuri da ta yi shekara arba'in da ɗaya tana sauraronsa. Ya tula masa kwabbai, ya kafa fitila, ya sayo gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, wanda ake maƙalawa a ido. Ran bikin Ista 'yan uwanta suka zo, aka ci naman a kan cinya.

"Vernon, teburin nan yana kuka," in ji Arlene.

"Katakon da ne, ba ya karyewa. Kin san me ke kansa? Makomarmu."

"Makomarmu ta lanƙwasa a tsakiya."

"Arlene, ke fa matar shugaba za ki zama. Ki fara koyon magana."

"To, ranka ya daɗe."

Teburin ya karye ran Litinin, yana ƙarƙashinsa yana neman kwabon da ya gangara. Arlene ta ce sai da ta gama wanke kwanonin da ke hannunta kafin ta je ta tono shi.

Wajen watan Yuni, ko Yuli, lokacin dai furannin bayan gidana sun buɗe, ya kira ni in zo in ga abin tarihi, tun da ni malamin tarihi ne. Na same shi a gareji, inda Arlene ta kore shi, ido ɗaya ya yi ja ya kumbura saboda gilashi. Ya rufe ƙofa, ya yaye tawul daga kan wani bokiti. Cike yake da kwabbai.

"Dubu biyu da ɗari uku da sha ɗaya," ya ce da raɗa, raɗar da ake ji daga titi. "Duka 1992. Duka masu tazara."

"Duka?"

"Duka! Maxine shekara goma sha tara ba ta ga ɗaya ba. Ni wata biyar, bokiti."

"Vernon," na ce, "abin da ba a samu, yaya za a yi ya cika bokiti?"

"Ya danganta da wanda ke nema, Farfesa."

Sai ya ɗauko wata 'yar kwalbar magani, ya zazzage kwabo guda a tafin hannunsa. "Ka ga wannan? Cikin 'yan 1992 duka, shi kaɗai ne na banza. Ƙafafunsa a manne, irin na kowa da kowa. Na ajiye shi ne don in nuna wa jahilai bambanci."

Na karɓi gilashin na duba. Sabo fil, ko ƙwarzane babu, ƙafar A tana jingine da ƙafar M kamar tsofaffin ma'aurata a kujerar coci. Wani tunani ya motsa can cikin kaina.

"Ina jin fa Maxine ta ce akasin haka ne. Ina jin a 1992 wanda ya manne shi ne..."

"Farfesa, Farfesa." Ya dafa kafaɗata. "Ba kai ne ka zo coci ran Litinin da kwat ba, ka zauna kai kaɗai kana jiran fasto?"

"Ni ne."

"Ba kai ne ka kira ni Nero ran nan ba?"

Wannan kam ba mantuwa ba ce, da gangan na kira shi da sunan azzalumin sarkin Rumawan nan. Gaskiya ya karya mini gwiwa. In mutum ya kai inda na kai, ya daina rantsuwa a kan abin da ya ji. Na ce a raina zan duba littafi in na koma gida, har na rubuta a 'yar takarda, "A da M, a duba." Na tsinci takardar a watan Nuwamba, a cikin firiji, ƙarƙashin man shanu.

Saura mako biyu bajekoli ya ga kwabbansa sun yi duhu, ba su dace da shugaba ba. Dokar farko da ake koya wa duk wanda ya shigo ƙungiyarmu ita ce, ba a wanke tsabar kuɗi. Wankewa kashe ta ne. An gaya wa Vernon ranar da ya shigo, amma ina jin ranar ma akwai donat. Ya jiƙa su a ruwan tsami da gishiri kwana biyu. Da bai gamsu ba, ya ɗure su a rigar matashi, ya ƙulle, ya jefa a injin wankin Arlene.

Floyd ya ce shi ya ɗauka jirgin ƙasa ne ya sauka daga hanya. Injin ya yi tafiya da ƙafarsa daga bango zuwa bango, ya tsinke bututun ruwa, ya tsaya a gindin matakala yana hayaƙi. Arlene ta sauko ta tsaya a ruwa har idon sawu.

"Zan saya miki sabo," in ji Vernon. "Zan saya miki biyu."

"Na me biyu? Ko akwai sauran kwabbai?"

Suka fito jajaye, launin harshen kare. Guda ɗaya ne ya tsira daga wanka, na cikin kwalbar magani, don Vernon ya ce ba zai ɓata gishirinsa a kan na banza ba.

Bajekolin gundumarmu ba ya canzawa. Rumfar shanu, rumfar aladu, masu soya cuku, gasar kabewa, sai zauren sana'o'in hannu, inda ake ba mu kusurwa tsakanin masu ɗinkin bargo da masu zuma. A bakin ƙofar zauren akwai injin nan na matse kwabo, wanda kowa ya sani: ka sa kwata biyu, wato santi hamsin, da kwabonka, ka juya hannu, ya fito a baje, dogo kamar ganye, da hoto a jiki don tunawa. Hoton wannan shekarar saniya ce.

Vernon ya iso da sabuwar kwat mai ruwan toka da bokitinsa a kan amalanke. Ya yi hayar majigi da farin allo. Ya buga takardu ya manna har a rumfar aladu: ƘARFE BIYU, VERNON HAUGLAND ZAI BAYYANA ABIN DA MASANA SUKA KASA GANI. Mutane suka cika wurin, wasu don suna son sani, yawanci don zauren ne kaɗai ke da fanka. Maxine na zaune a bayan teburinta, ni a gefenta da takardar yarjejeniya. Arlene ta zauna can baya kusa da ƙofa.

"Jama'ar Kettle Ford!" ya fara, ba ya buƙatar lasifika. "Duniya kashi biyu ce. Akwai na musamman, akwai na banza. Haka mutane, haka kwabbai. Kafin in nuna muku na musamman, bari ku ga abin da ake yi da na banza."

Ya fito da kwalbar magani, ya zazzage kwabon, ya ɗaga shi sama tsakanin yatsu biyu. Daga inda muke ba wanda zai iya ganin komai, ɗan jan abu ne kawai. Ya taka zuwa injin. Ya laluba aljihu.

"Floyd, ba ni kwata biyu."

"Attajiri guda?"

"Ka ba ni, za a tuna da kai."

Floyd ya ba shi. Vernon ya zura su, ya zura kwabon, ya kama hannun injin. Tunanin nan ya sake motsawa can cikin kaina. Na ɗaga yatsa, na buɗe baki, sai na rasa me zan ce. Ya juya sau huɗu, da ƙarfi, yana murmushi ga masu ɗinkin bargo. Abu ya faɗo ƙasan injin, ƙil.

Ya ɗauko shi ya kawo, ya rusuna, ya ɗora a gaban Maxine.

"Kyautar sallama, Madam Shugaba. Ki riƙa tunawa da mu."

Wasu suka tafa. Maxine ta ce ta gode.

"Yanzu a kashe fitila. Hoto na farko. Wannan shi ne marigayin da kuka ga na matse yanzu, na ɗauke shi hoto jiya. Ga gabansa: 1992. Ga bayansa. Ku dubi ƙafafun nan, a manne, kamar na kowane kwabo a aljihunku."

Harafin A da harafin M suka cika allo, kowanne ya kai tsawon mutum, ƙafa a jikin ƙafa.

Har kukan aladu ana ji daga rumfarsu. Wani daga cikinmu ya cire hula.

"Na gaba," in ji Vernon.

"Tsaya." Maxine ce. Ta miƙe tsaye, abin da ba ta cika yi ba. "Koma na farko." Ya koma. "1992. Dawo na biyu." Ya dawo. "Kwabo ɗaya ne wannan, gaba da baya?"

"Ɗaya ne mana. Na banzan."

"Shi ne wannan?" Ta nuna saniyar da ke kan teburinta.

"Shi ne. Madam, in kina jan lokaci ne don kujera..."

"Vernon, me ke cikin bokitin?"

"Masu tazara! Dubu biyu da ɗari uku da sha ɗaya!"

Ta sa hannu ta ɗebo uku, ta duba da gilashinta, ta mayar a hankali kamar mai rufe idon mamaci.

"Kowane kwabon 1992 da tazara aka buga shi. Kowanne. Wanda ya manne shi ake nema. Na faɗa a watan Fabrairu."

"Ba ki faɗa ba."

"Ta faɗa," in ji Floyd. "Kana wajen donat."

"Ta faɗa!" na ce, da ƙarfin da ya ba ni mamaki. A lokacin komai ya dawo mini tsaf, har launin allin. Amfaninsa dai kaɗan ne.

"To waɗannan fa?" Vernon ya nuna bokiti, muryarsa ta ragu ta koma irin ta mutane.

"Dala ashirin da uku da santi sha ɗaya," in ji Maxine. "Da ba ka wanke su ba ma, haka."

"Wancan fa?"

"Da safe, dala dubbai. Kuma da kujerata." Ta juya shi da yatsa. "Shekara goma sha tara ina jiran in riƙe shi a hannuna. Ga shi na riƙe. Da saniya a jiki."

Dariyar daga wajen masu zuma ta faro, ta bi ta kan masu bargo, ta fita waje. Mutane suka riƙa shigowa suna tambaya me ya faru, ana ba su labari, su ma su fita su kira wasu. Na waiga na ga Arlene. Ba ta dariya. Ta dai buɗe jakarta ta ɗauko alewa ta jefa a baki, da alamar wadda aka biya ta bashin injin wanki.

Amma Vernon dillalin mota ne, ba a kayar da shi a karo ɗaya.

"Tsaya! Ai na kawo shi! Ga shi can a kan teburin shugaba! Ran Asabar! Na cika alkawari! Farfesa, karanta!"

Na sa tabarau na karanta. "Sahihi..."

"Sahihi ne!"

"...lafiyayye."

"To me ya same shi? Ɗan tsawo kawai ya ƙara!"

"Ko saniyar ce za ta ba da shaida?" in ji wata daga masu bargo.

Floyd ya karɓi gilashin Maxine, ya ɗauki abin ya juya bayansa. Injin yakan bar inuwar tsohon rubutu a ɗaya fuskar, a miƙe, a jaye. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙa wa Vernon da hannu biyu.

"Kwantar da hankalinka, maƙwabci. Duba da kanka. Yanzu kam akwai tazara."

Na duba ni ma daga baya. Ƙafar A tana gabas, ƙafar M tana yamma, ana iya ajiye mota a tsakaninsu.

Ran Talatar farko ta Satumba ya zo da wuri, ya sa rigar girkin nan mai furanni, igiyarta ba ta kai bayansa ba sai da aka ƙara da zaren takalmi. Kofinsa ba ya shayuwa, amma ba wanda ya taɓa fashin zama a wannan shekara, har sababbin mutane shida muka samu. Maxine ta sa saniyar a akwatin gilashin ƙungiya, a sahun gaba, ba ta rubuta komai a ƙarƙashinta ba.

Kada ku ɗauka ya yi laushi. Ranar nan na ji shi ya tare wani baƙo a bakin tukunyar kofi, yana nuna masa akwatin da cokali.

"Ka ga wancan? Cikin jihar nan kaf, mutum ɗaya ne ya taɓa tsintar irinsa da idonsa. Kana kallonsa."

"To me ya same shi haka?" baƙon ya tambaya.

"Sukari nawa?" in ji Vernon.